Daga Sankara zuwa Memphis: Me za a yi idan aka kama kuskure a labarin wanda ya tsira daga bala'i?

A shekarar 1873 wata maɗaba'a a birnin Memphis da ke jihar Tennessee ta Amurka ta buga littafin wani malamin makaranta baƙar fata mai suna Nicholas Said.

A ciki ya ba da labarin yadda aka haife shi a Kukawa ta ƙasar Borno, yadda Abzinawa suka sace shi yana yaro, da yadda aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya tsinci kansa a Tarabulus da Santambul da ƙasar Rasha.

Littafin ya ce a ƙarshen 1867 ya fara taka ƙasar Amurka.

Sai dai takardun sojin Amurka sun nuna wani abu dabam. Sunansa yana cikin jerin dakarun runduna ta 55 ta jihar Massachusetts tun 1863. Ya kai muƙamin saje, aka sallame shi a 1865 bayan an gama yaƙin basasar ƙasar. Ke nan shekara huɗu kafin lokacin da ya ce ya iso, yana can sanye da kakin soja.

Ba nan kaɗai labarinsa ya ci karo da wata shaida ba. Akwai saɓani na biyu game da asalin mahaifinsa, wanda mai yiwuwa zarensa ya biyo har cikin jihar Jigawa ta yau.

To idan aka kama wanda ya tsira daga bala'i da irin wannan kuskure, watsi za a yi da labarinsa baki ɗaya, ko kawar da kai za a yi saboda wuyar da ya sha? Wannan tambaya ta taɓa raba kan 'yan ƙasar Kambodiya, kuma tana jiran mutanen Jigawa, waɗanda su ma suke da nasu labaran da ba a gama rubutawa ba.

Yaron da ya fita farauta

Sunansa na yanka Muhammad Ali bin Sa'id, kuma an haife shi wajen 1836. Ya ce mahaifinsa shi ne Barka Gana, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin yaƙin Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda ya kafa Kukawa.

A cewarsa, bayan rasuwar mahaifin ne ya fita farauta da abokansa a wajen tafkin Chadi, duk da gargaɗin mahaifiyarsa, sai mahara suka yi awon gaba da su. An bi da shi ta Katsina da Damagaram, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Murzuk, daga nan sai Tarabulus, inda ya yi aiki a shagon wani mai sayar da taba.

Daga baya ya faɗa hannun manyan daular Usmaniyya a Santambul. A 1853 ya koma hannun Yarima Menshikov, jakadan da Rasha ta tura birnin daf da ɓarkewar yaƙin Kirimiya. A Rasha ya zama hadimin wani yariman, Nikolas Trubetskoy, wanda ya sa aka yi masa baftisma a birnin Riga a 1855, aka raɗa masa suna Nicholas.

Ya zaga Turai da ubangidansa, ya iya harsuna da dama, ciki har da Larabci da Turkanci da Rashanci da Faransanci da Italiyanci, kafin wani Bature ɗan ƙasar Holan ya ɗauke shi aiki ya haye teku da shi.

Sassa da yawa na wannan labari sun dace da abin da tarihi ya adana. Menshikov ya je Santambul a 1853. Hanyar Murzuk zuwa Tarabulus ita ce babbar hanyar fataucin bayi a lokacin. Barka Gana kuwa sananne ne tun kafin a haifi Said, domin wani Bature ya zauna da shi, ya kuma rubuta labarinsa.

Sankara ko Molgoy?

Baturen shi ne Manjo Dixon Denham, sojan Ingila da ya isa Kukawa a 1823 tare da Hugh Clapperton da Dakta Walter Oudney. A wannan shekarar ya bi rundunar Barka Gana zuwa duwatsun Mandara, inda aka fatattake su, shi kansa da ƙyar ya sha.

A littafin tafiyarsa da aka buga a Landan a 1826, Denham ya ce Barka Gana ɗan asalin wani gari ne mai suna Sankara a ƙasar Sudan, sunan da mutanen Borno da Larabawa ke kiran ƙasar Hausa da shi a wancan zamani. Ya ce yana ɗan shekara tara ya faɗa hannun Shehu, kimanin shekara 17 kafin haɗuwarsu. Idan aka lissafa, abin ya faɗo wajen 1806, lokacin da yaƙe-yaƙen jihadi suka hargitsa iyakar Kano da Borno.

Denham ya kuma ba da labarin ranar da Shehu ya fusata da kwamandan nasa a kan maganar wani doki, ya sa aka tuɓe masa kayan girma a bainar jama'a, ya ba da umarnin a sayar da shi, kafin daga baya ya huce ya yafe masa. Ba a yi wa ɗa irin wannan. Hukuncin ubangida ne a kan bawansa, komai girman muƙamin da bawan ya taka.

Akwai garin Sankara a ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa, gabas da Kano, ta ɓangaren da ke fuskantar Borno. Idan shi Denham yake nufi, to sajen nan na sojin Amurka jikan Jigawa ne.

Amma Said bai faɗi haka ba. A littafinsa ya ce mahaifinsa babban ɗa ne ga mai mulkin wata ƙaramar ƙasa da ya kira Molgoy, can kudancin Borno wajen Mandara. Hoton da ya zana na ɗan sarauta ne, ba na yaron da aka kamo daga ƙasar Hausa ba.

Wa ya fi gaskiya? Kowannensu yana da ƙarfi, yana da rauni.

Denham ya ga mutumin ido da ido, sun yi tafiya tare, kuma ya rubuta a lokacin. Amma baƙo ne wanda ba harshensa ake yi ba, kuma sunayen garuruwa sun sha sauya kama a alƙalamin Turawan farko.

Said kuwa ɗa ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma yana yaro mahaifin ya rasu, an raba shi da danginsa tun kafin ya balaga, kuma sai bayan shekaru masu yawa ya zauna rubutu, a wata nahiya, ba tare da wani dattijo kusa da zai tambaya ba. Abin da ya sani game da kakansa shi ne abin da aka faɗa masa a gida.

Duk wanda ya san yadda ake ba da tarihin zuriya a Arewa ya san gidaje ba su cika fara labarinsu da kalmar bawa ba. Akan ce kaka ɗan sarki ne da ya yi fushi ya bar gida, ko malami ne da ya taso daga gabas. Yana yiwuwa Said ya gyara labarin da kansa don ya ɗaga darajarsa a idon Amurkawa. Yana yiwuwa kuma a gyare ya same shi, ya isar da shi da zuciya ɗaya.

Shekaru bakwai da suka ɓace

Maganar shekarar isowarsa Amurka kuwa ba ta da wannan ruɗani. Bayanan jirgin ruwa sun nuna a farkon 1860 ya sauka a Portland ta jihar Maine. Ya koyar a birnin Detroit kafin ya shiga soja. Ƙari a kan haka, mujallar Atlantic Monthly ta buga taƙaitaccen tarihinsa a watan Oktoban 1867, inda aka gabatar da shi a matsayin wanda ya yi aiki a rundunar sojoji baƙaƙen fata.

Mutum ba ya manta cewa ya yi shekara biyu a fagen yaƙi. Wannan ba mantuwa ba ce, ɓoyewa ce. Abin tambaya shi ne dalili.

Amsar da masu nazarin rayuwarsa suka fi karkata a kai tana cikin wurin da ya zauna. Bayan yaƙi Said bai koma arewacin Amurka ba. Ya zauna a kudu, yana koyar da 'ya'yan bayin da aka 'yanta a jihohin Carolina ta Kudu da Georgia da Alabama, a tsakiyar mutanen da rundunarsa ta yaƙa.

Zamanin ƙungiyar Ku Klux Klan ne, wadda aka kafa a Tennessee a 1865, take farautar malaman makarantun baƙaƙe da tsofaffin sojojinsu. A Memphis kanta, inda aka buga littafin, an kashe baƙaƙen fata 46 a tarzomar watan Mayun 1866, aka ƙona makarantu da majami'unsu, kuma tsofaffin sojoji na cikin waɗanda aka fi auna.

Mutumin da yake yawo da littafinsa a irin wannan ƙasa, bai rubuta cewa ya ɗauki bindiga a kan mutanen kudu ba. Ya matsar da ranar isowarsa zuwa bayan yaƙi, ya share shekara bakwai daga rayuwarsa.

Abin lura shi ne ƙaryar tasa ba ta ƙara masa girma ba. Rage masa ta yi. Aikin da ya fi cancanci ya yi alfahari da shi ne ya binne. Da masu bincike sun ɗauki littafin yadda yake don girmama wahalar da ya sha, da ba a san ya yi soja ba. Binciken da ya kama shi da ƙarya shi ne ya dawo masa da muƙaminsa, har ɗan jaridar Amurka Dean Calbreath ya sa wa littafin da ya rubuta a kansa a 2023 suna The Sergeant, wato saje.

Irin wannan gardama a Kambodiya

Ba tsofaffin littattafai kaɗai ake yi wa wannan tankaɗe da rairaya ba. Misali mafi zafi a wannan zamani ya fito ne daga Kambodiya, ƙasar da ke kudu maso gabashin Asiya.

Ranar 17 ga Afrilun 1975 mayaƙan Khmer Rouge ƙarƙashin Pol Pot suka kama babban birnin ƙasar, Phnom Penh, suka kora mazaunansa ƙauyuka aikin dole. Kafin a kifar da su a watan Janairun 1979, an ƙiyasta mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu sun mutu ta hanyar kisa da yunwa da cuta.

Loung Ung tana da shekara biyar lokacin da aka kore su daga birnin. Ta rasa mahaifinta da mahaifiyarta da 'yan'uwanta mata biyu. A 2000 ta wallafa littafinta First They Killed My Father a Amurka, wanda Angelina Jolie ta mayar fim a 2017.

Suka mafi tsanani ba daga magoya bayan Khmer Rouge ta fito ba. Daga wasu 'yan Kambodiya mazauna Amurka ta fito, musamman wata ƙungiya mai suna Khmer Institute, waɗanda bala'in ya shafi al'ummarsu kai tsaye.

Sun ce yarinya 'yar shekara biyar ba za ta riƙe zantuka da bayanan siyasa dalla-dalla yadda littafin ya kawo su ba. Sun ce ziyarar da ta ce iyalinta sun kai tsohon wurin ibada na Angkor Wat ba za ta yiwu ba a lokacin da ta ambata, domin yaƙi ya riga ya rufe yankin, kuma hoton da aka ce a can aka ɗauka, a wani wurin ibada ne na cikin Phnom Penh. Sun kuma koka cewa littafin ya shafa wa ƙabilar Khmer baƙin jini, alhali su ne mafi yawan waɗanda aka kashe.

Masu kare ta kuwa sun ce littafin bai ɓoye cewa da idon yarinya aka ga komai ba, kuma wuraren da ta kwatanta mutuwar iyayenta, ta nuna a fili cewa tunaninta ne ya zana su domin ba a gabanta aka yi ba. Kuskuren sunan wuri a ƙasan hoto bai dawo mata da iyayenta ba.

Shari'ar Somaly Mam dabam ce. Ita ma 'yar Kambodiya ce, wadda littafinta na 2005 ya ce an sayar da ita gidan karuwai tana ƙarama. Labarin ya sa ta shahara a duniya, aka kafa gidauniya da sunanta a Amurka a 2007, kuɗi suka yi ta shigowa.

A watan Mayun 2014 mujallar Newsweek ta buga binciken ɗan jarida Simon Marks, wanda ya je ƙauyen da ta tashi ya ji ta bakin mutanen da suka ce sun san ta tana zuwa makaranta a shekarun da ta ce tana hannun masu fataucin mata. Binciken ya kuma yi zargin an koya wa wasu 'yan mata labaran da za su faɗa a gaban kyamara. Ta ajiye muƙaminta a wannan watan, gidauniyar ta rufe kafin ƙarshen shekara. Ita dai ta dage cewa ba ta yi ƙarya ba.

A wajen Loung Ung gefen labarin ake gardama a kai. A wajen Somaly Mam ginshiƙin labarin ne aka tuhuma, kuma da shi aka tara kuɗi. Waɗanda rufe gidauniyar ya fi taɓawa su ne matan da ake taimaka wa da kuɗinta.

Duk da haka babu ɗaya daga cikin gardamar biyu da ta girgiza tabbacin abin da ya faru a Kambodiya, domin ba a kan littafi ɗaya aka jingina shi ba. Akwai dubban hotuna da takardun kurkukun Tuol Sleng da su kansu masu kisan suka bari. Akwai ramukan da aka binne mutane da aka bi aka ƙidaya. Akwai kotun musamman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya, wadda ta samu shugaban kurkukun, Duch, da laifi a 2010, ta kuma samu Nuon Chea da Khieu Samphan da laifin kisan ƙare dangi a 2018.

Ma'aunin da ba baƙo ba ne

Ɗalibin ilimi a Dutse ko Birnin Kudu ba ya buƙatar zuwa Turai don ya koyi yadda ake auna mai ba da labari. Malaman hadisi sun daɗe da shimfiɗa hanyar.

Abu biyu suke dubawa a wajen mai ruwaya, kuma ba sa cakuɗa su: gaskiyarsa, da ƙarfin kiyayewarsa. Mutum yana iya zama mai gaskiya amma haddarsa ta yi rauni, ko ta rikice da tsufa. Irin wannan ba a kiransa maƙaryaci. Ana ajiye ruwayarsa a nemi wata hanyar da za ta ƙarfafa ta. Wanda aka kama da ƙirƙira kuwa hukuncinsa dabam.

Haka kuma sun yi amfani da shekarun haihuwa da na rasuwa wajen gano wanda ya ce ya ji daga malamin da bai taɓa riska ba. Abin da masu bincike suka yi wa shekarar 1867 ta Nicholas Said ke nan.

Babu wanda ya ɗauki wannan bincike a matsayin cin mutunci. Kariya ce ga abin da ake ruwaitowa.

Idan aka ɗora labaran waɗanda suka tsira a wannan sikeli, za a ga kuskure ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ƙuruciya da tsawon zamani, kamar wanda ake zargin Loung Ung da shi. Akwai abin da mutum ya gada a gyare daga gida, kamar yadda mai yiwuwa ya faru da asalin Barka Gana. Akwai ɓoyewa don tsira da rai, kamar shekarun sojan Said. Akwai kuma ƙage don neman suna ko kuɗi, wanda shi kaɗai ne ke rushe labari daga tushe.

Hannun mai rubutawa

Akwai wani abin da ake yawan mantawa: sau da yawa ba wanda ya sha wuyar ne ya riƙe alƙalamin ba.

Dorugu Bahaushe ne daga ƙauyen Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram, wanda aka haifa wajen 1840. An kama shi yana yaro aka kai shi Kukawa, inda Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai ya koma hannun Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya bi shi har Tambutu.

Barth ya ratsa Garki da Gumel a 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya sake bi ta Gumel a ƙarshen 1854, wannan karon Dorugu na cikin ayarinsa. A 1855 ya tafi da shi Turai.

A Ingila ne wani ɗan mishan, James Frederick Schön, ya zaunar da shi ya rubuta labarinsa da Hausar boko, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo gida daga baya, ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912.

Labarinsa yana da gata da na Said bai samu ba. Barth yana rubuta abin da ya faru kullum, don haka ana iya jera tafiyar Tambutu ta bakin yaron da ta alƙalamin ubangidansa a gwada. Amma ranar da aka kama shi da yadda aka raba shi da iyayensa, shi kaɗai ne shaida. Kuma kowace kalma ta bi ta kunne da hannun Baturen da yake koyon Hausa, wanda babban burinsa shi ne samun abin da zai gina nahawu da ƙamus da fassarar littattafan addininsa.

Mai karatu na yau yana da haƙƙin tambaya: wa ya yi tambayoyin, wa ya zaɓi abin da za a buga, su wa ake so su karanta? Tambayar tana nan daram a kan littattafan da 'yan jaridar ƙasashen waje suka rubuta daga bakin matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram, inda magana kan bi ta bakin tafinta kafin ta isa takarda.

Abin da ke jiran Jigawa

Jigawa tana cike da labaran da har yanzu a baki suke. A ƙarni na 19 mayaƙan Ningi sun sha kai hari kudu maso gabashin masarautar Kano, yankin da ya haɗa da Birnin Kudu da Gwaram da Dutse, suna kwashe mutane. A Haɗejiya ana tuna ranar 25 ga Afrilun 1906, da sojojin Ingila suka shiga garin aka kashe Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada. Rahoton Turawa yana nan a rubuce, amma abin da Haɗejiyawa suka gani ta bakin jikoki yake tafiya.

Na kusa shi ne na Majiya a ƙaramar hukumar Taura. A daren Talata 15 ga Oktoban 2024 wata tankar mai da ta taso daga Kano ta kife a garin, jama'a suka taru, wuta ta tashi. Adadin farko da 'yan sanda suka bayar ya ɗara 90. Cikin kwanaki kaɗan ya haura 150, ya kuma ci gaba da hawa yayin da waɗanda aka kwantar a asibitoci suke cikawa.

Babu wanda ya ce 'yan sanda sun yi ƙarya da adadin farko. Abin da aka sani ke nan a wannan safiyar. Haka ma waɗanda suka tsira: wani zai ce da ƙarfe sha ɗaya abin ya faru, wani ya ce sha biyu ta wuce. Wani zai tuna wanda ya ja shi daga wuta, ya manta wanda ke tsaye kusa da shi. Wani zai ce kallo ya je, domin faɗin cewa ya je ɗiban mai yana da nauyi a gaban 'ya'yansa.

Wata rana ɗaya daga cikinsu zai rubuta littafi, ko ya zauna gaban wayar wani a ɗauki muryarsa a yaɗa a Facebook da TikTok. Za a samu mai cewa ba haka aka yi ba. Daga nan hanya biyu ce mai sauƙi, kuma duk ɓata ce: a ce tunda ya kuskure awa ɗaya to duk ƙarya ne, ko a ce duk mai tambaya ba shi da imani.

Darasin Kambodiya shi ne kada a bar nauyin tarihi a wuyan mutum ɗaya. Idan akwai muryoyi hamsin da aka ɗauka, da rajistar asibiti, da jerin sunayen waɗanda aka yi wa sutura, kuskuren mutum ɗaya ba ya rushe komai. Sauran shaidun za su gyara shi, shi ma ya cike musu giɓi.

Wannan aiki ne da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa za su iya yi da wayoyin da ke hannunsu. A nemi izinin mai magana. A rubuta ranar da aka ɗauka da wurin. A tambaye shi abin da ya gani da idonsa da abin da aka faɗa masa, a raba su. A ajiye muryar yadda take kafin a fassara ko a taƙaita. Idan ya nemi a sakaya sunansa ko ya tsallake wani abu, a mutunta, amma a rubuta cewa an sakaya.

Da an yi wa Barka Gana haka a Kukawa, ko an samu wanda ya rubuta sunayen yaran da aka kwashe daga ƙauyukan gabashin Kano wajen 1806, da yau ba a tsaya tsakanin maganar Denham da ta Said ana laluben inda gaskiya take ba.

Littafin Memphis yana nan ana karanta shi kyauta a intanet, da kuskurensa da ɓoye-ɓoyensa. Masana tarihi ba su jefar da shi ba, domin yana cikin 'yan tsirarun rubuce-rubucen da wanda aka kora ta Sahara a matsayin bawa ya rubuta da hannunsa. Abin da suke yi shi ne su buɗe shi, su ajiye littafin Denham a dama, takardun runduna ta 55 a hagu, sannan su fara karatu.